Mama Ta Zaci Kuɗi Na Zo Karɓa

Shekara goma sha ɗaya na riƙe ma'ajin ikilisiyarmu a kudancin garin Kaduna, kuma a duk tsawon shekarun nan ko kwabo bai taɓa ɓata a hannuna ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci labarin sata zan bayar. Abin da na yi a gaban kwamiti na yi shi, da addu'a aka buɗe taron, da addu'a aka rufe, kowa ya sa hannu. Ni ne na kawo shawarar a ɗebi kuɗin gwauraye da marayu a zuba a gini, ni ne kuma na rubuta kalmar "aro" a gefen lissafin. Har yau in na buɗe littafin nan, kan kalmar idona yake fara sauka.

A Kakuri aka haife ni. Mahaifina ya baro ƙauyenmu ta wajen Malumfashi yana saurayi, ya zo neman aikin masaƙa lokacin da Kakuri take Kakuri. Tun da aka buɗe masaƙa ta farko a 1957 jama'a suka yi ta kwararowa, Bajju da Atyap da Jaba da Gbagyi, mutanen Filato da Binuwai da Adamawa, ga mu Hausawa. Ba ma buƙatar agogo, jiniyar masaƙa ke gaya mana lokaci, in ta busa sai ka ga kekuna sun rufe titi. Majami'armu ta lokacin langa-langa ce a kan katako, bencinanta ba majingina. In ruwa ya kece da ƙarfi sai mai wa'azi ya yi shiru, mata su ɗauki waƙa har ya tsagaita. Hausa ce ta haɗa mu duka, da ita ake karatu, da ita ake waƙa, da ita ake gardama a taron dattawa. Littafi Mai Tsarki na mahaifina tsohuwar fassarar 1932 ce, bangonsa ya mutu har sai da ya kai wa baduku ya ɗinka masa rigar fata.

Ina aji huɗu na sakandare ya rasu. Wa'azin da aka yi a jana'izarsa ya ɓace mini tuntuni, amma wata ukun da suka biyo baya suna nan a raina. 'Yan Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, suka raba kwanaki a tsakaninsu, yau wannan ta kawo tuwo, gobe waccan ta kawo itace, jibi wata ta zo ta kwana da mahaifiyata. Abokan aikinsa suka haɗa mini kuɗin jarrabawa. Ba kwamiti, ba sanarwa, ba wanda ya ba abin suna. Yadda ake gayya a gona da ciyayya a zaure, haka suka taho da shi birni suka ci gaba da yi saboda Yesu.

Da na yi aure sai na kama haya a Tudun Wada, kusa da inda nake aikin akawu. A can rikicin Fabrairu na 2000 ya rutsa da mu. Ranar Litinin ce, 21 ga wata. Ba zan tsaya kan abin da idona ya gani ba. Duk wanda yake Kaduna a lokacin yana da nasa labarin, Kirista da Musulmi, kowane ɓangare ya binne nasa. Mai gidan hayarmu, wani Alhaji dattijo, shi ya shigar da ni da matata da jaririyarmu ɗakin uwargidansa, ya zauna a bakin zaure da carbinsa kwana biyu, har ya samo sojoji suka kwashe mu zuwa bariki. Ya riga mu gidan gaskiya yanzu. Allah ya saka wa zuriyarsa da alheri.

A barikin ne na haɗu da matar da wannan labarin yake kanta. Mama mai ƙosai kowa yake ce mata. Daga Rigasa ta fito, da ƙullin kaya ɗaya a hannu da kaskon suyarta a ka. Mijinta bai fito ba. A rana ta uku, da aka fara raba ɗan wake da man da aka samu, sai ta haɗa duwatsu uku ta hura wuta, ta aro turmi wurin matan sojoji, ta sa 'yan mata surfe da daka. Yara suka yi layi. Ba ta tambayi kowa yarensu ba, ba ta tambayi cocinsu ba. 'Yan Katolika, 'yan Baptis, 'yan ECWA, 'yan HEKAN, har da wasu Musulmi da su ma gudu ya kawo su, duk a kaskon nan suka ci. Idonta na zubar da hawaye, hannunta na juya ƙosai.

Ranar Lahadi muka yi sujada a gindin darbejiya. Ba bagadi, ba ganga, ba farantin baiko, wato na tara kyautar jama'a. Wani tsohon mai bishara ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 4, ya karanta wurin da aka ce masu bi zuciyarsu ɗaya ce, ba wanda yake cewa abin hannunsa nasa ne shi kaɗai, kuma ba mai rashi a cikinsu. Tun ina Makarantar Lahadi nake jin ayar nan, amma ranar na fara ganinta da ido. Firgita ta sa ruwan nonon matata ya ɗauke, wata mata da ba mu taɓa gani ba ita ta shayar da 'yarmu kwana biyar.

Daga nan gari ya rabu, kogin Kaduna ya zama iyaka. Kiristoci muka tattara Sabon Tasha, Television, Narayi, Unguwar Boro, Romi, har Gonin Gora, Musulmin da suke can su ma suka ƙetara arewa. Rikicin Nuwamba na 2002 ya kwashe sauran waɗanda suka yi jinkiri. 'Yar ƙaramar ikilisiyar da muka shiga ta cika maƙil da mutanen da suka rasa gida. Kafin mu farfaɗo sai masaƙu suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, babbar cikinsu ta rufe a 2007, magidanta suka koma zaman gida, wasu baƙin ciki ya kai su kabari. A lokacin ne muka buɗe asusun gwauraye da marayu. Lahadin farko na kowane wata ana baiko na biyu, wanda ba shi da kuɗi ya kawo mudun masara ko dawa. Da shi muka biya wa marayu kuɗin makaranta, da shi muka kama wa Mama ɗaki muka ba ta jari. Ita kuwa kullum ita ce ta farko a majami'a, ta yi shara, ta zauna a bencin gaba ta hannun hagu, domin kunnenta ɗaya ya toshe tun rikicin, in ba ta matso ba ba ta jin wa'azi.

Maganar gini ba daga girman kai ta faro ba, gaskiya sai an faɗe ta. Wurin ya yi mana kaɗan, rabin jama'a a waje suke zama ƙarƙashin rumfa. Bayan harin bam da aka kai wa majami'u a Zariya da Kaduna ranar 17 ga Yuni 2012, da wanda aka kai cocin Katolika na St. Rita a Malali cikin Oktoba na shekarar, zaman waje ya zama kasada. Muka ja katanga, muka sa ƙofar ƙarfe, matasa suka fara binciken jaka a bakin ƙofa. Wannan duk wajibi ne. Inda muka kauce shi ne ranar da aka zauna a kan irin ginin da za a yi. Kowa ya ciro wayarsa yana nuna hotunan manyan coci-cocin Abuja da Legas, masu bene da gilashi da tayil har bango. Wani ya ce, "Su da me suka fi mu?" Muka amsa gaba ɗaya, ni ne ma na fi kowa ɗaga murya.

A nan aikina na akawu ya shigo. Na buga katin alkawari, na kasa masu bayarwa aji-aji, na manna sunaye a allon sanarwa da abin da kowa ya biya da abin da ake binsa. Ƙarshen wata sai in hau bagadi in karanta. Kuɗi ya shigo, aka yi ta yaba mini. Sujadar Hausa kuma aka mai da ita sassafe don a ba sujadar Turanci fili, da hujjar cewa can ne ma'aikata da 'yan kasuwa suke. Tsofaffi da gwauraye kusan duka 'yan sujadar Hausa ne. Yanzu in na waiwaya ina gane inda muka aro kowane abu. Lissafin wa ya biya wa bai biya ba daga ofis na ɗauko shi. Jeren kujeru da kirarin manya daga fada muka kwaso. Gidauniya da uban taro da babban mai ƙaddamarwa kuwa na 'yan siyasa ne. Kowanne ya shigo da aya a bakinsa, shi ya sa ba mu tsaya tambayarsa daga ina ya fito ba.

Muka sa ranar gidauniya gab da zaɓen 2015, da gangan, don mun san lokacin ne hannun manya yake a buɗe. Ni na tsara wurin zama. An yi hayar kujerun kushin an jera a gaba. Wani yaro cikin masu zaunar da jama'a ya zo ya raɗa mini cewa Mama ta zauna a wurinta tun da safe, ya za a yi? Na ce ya lallaɓa ta ya kai ta baya. Ina kallo daga nesa ya durƙusa ya ce, "Mama, ku yi haƙuri, yau wurin manyan baƙi ne." Ba ta ce uffan ba. Ta ɗauki littafin waƙoƙinta da sandarta, ta bi ta tsakiyar jama'a a hankali har bakin ƙofa. Babban baƙon ya zo a makare, ya ambaci adadin da ya sa majami'a ta ɗauki guɗa, ya tashi kafin wa'azi. Rabin kuɗin ba mu gan shi ba har yau. Damina ta matso, gini ba rufi, ga katako a ƙasa. A taron da ya biyo baya ne na ce a ari na asusun gwauraye, in an gama rufi a mayar. Aka dakatar da rabon wata-wata "na ɗan lokaci".

Wata biyar bayan haka, wata Asabar da yamma, aka yi sallama a ƙofar gidana. Tsohon mai bisharar nan ne na bariki, wanda muke ce wa Baba. Ya haura shekara tamanin a lokacin. Muka gaisa, matata ta kawo ruwa ya sha, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ina Mamanka?"

Na ce, "Wace, Baba?"

Ya ce, "Wadda ta ciyar da kai a bariki."

Na yi shiru ina lissafin rabona da ganinta. Ban iya tuna ranar ba. Ya ce, "Sa takalminka."

Ɗakin nata yana can ƙarshen wani lungu. Tana kwance a tabarma, ƙafarta ta dama ta kumbura, ciwon sukari ya buɗe mata gyambo a diddige. Kaskon yana jingine a bango ya yi ƙura. Da ta ɗago ta gan ni sai ta yunƙura za ta tashi, ta ce, "Ma'aji, sannu da zuwa. Ka yi mini haƙuri don Allah, ban manta ba. Da na samu sauƙi na koma suya zan cika alkawarina. Kada ka karanta sunana."

Naira dubu biyar ta yi alkawari, ta biya dubu biyu. Na sani, domin littafin alkawarin yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata, ko'ina da shi nake yawo. Matar da ta soya wa ɗaruruwan yara ƙosai kyauta kwana uku bayan an kashe mijinta, ta ga ma'ajin ikilisiyarta a bakin ƙofa, abin da ya fara zuwa ranta shi ne bashi. Kuma ba ta yi kuskuren zato ba. A shekara biyun nan ban taka gidan kowa ba sai don karɓar alkawari. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata, na zauna a dandaryar ƙasa.

Baba bai ce mini komai ba. Ya leƙa waje ya kira maƙwabciyarta, wata 'yar Katolika da ta saba kwana da ita, ta kawo ruwan ɗumi a roba da gishiri. Ashe a ƙuruciyarsa ya yi aiki a ɗakin shan magani na mishan a ƙauye, ya iya wankin gyambo. Ya naɗe hannun rigarsa, ya durƙusa da kyar, ya ɗora ƙafar a cinyarsa ya shiga wankewa. Wari ya cika ɗakin, ko yamutsa fuska bai yi ba. Bayan kowane kwana biyu yake zuwa, wata uku ke nan. Kunun da take sha kuwa matar da ta saba sayar mata da wake ce take aikowa, Musulma ce, tun daga ƙetaren gada. Mu da muka ce mu ne iyalinta cikin Almasihu muna can muna zaɓen launin tayil.

A hanyar komawa muka tsaya a gindin wani mangwaro don ya huta. Daga nan ana hango ginin namu ya yi sama da sabon kwano yana ƙyalli. Ya nuna shi da sanda ya ce, "Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. To wannan da muke tayarwa, wa ya gada?" Sai ya tuna mini 1 Sama'ila sura 8, inda dattawan Isra'ila suka ce a naɗa musu sarki don su zama kamar sauran al'ummai. Ya ce, "Ba su ce sun bar Allah ba, ɗana. Cewa suka yi su ma suna so su yi kama da maƙwabta." Ya ce in na isa gida in karanta Ayyukan Manzanni sura 6, in lura da sunaye.

Daren nan ban runtsa ba. Na karanta surar kamar a Kaduna aka rubuta ta. Ikilisiyar Urushalima ta yi yawa, sai Yahudawa masu jin Helenanci suka fara gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kowace rana. Harshe biyu a ikilisiya ɗaya, gwaurayen ɓangare ɗaya an manta da su. Manzanni ba su ce a yi haƙuri ana babban aiki ba, ba su kuma ce masu ƙorafi suna raba kan jama'a ba. Suka tara kowa da kowa, aka zaɓi mutum bakwai, aka ɗora musu hannu kamar yadda ake keɓe mutum don aiki mai tsarki. Sunayen kuwa, Istifanas, Filibus, har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, duka bakwai ɗin na Helenanci ne. Wato ɓangaren da aka ɓata wa rai shi aka damƙa wa rabon. Nan da nan bayan wannan sai aka rubuta cewa Maganar Allah ta yi ta yaɗuwa, masu bi suka ƙaru ƙwarai.

Daga nan na koma Yohanna sura 13. A daren da za a ba da shi, Yesu ya tashi daga cin abinci, ya ajiye mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro ya bi ƙafafun almajiransa yana wankewa, har da na Yahuza. Da ya gama ya ce musu misali ne ya ba su, su yi yadda ya yi musu. Na daɗe ina neman abin da ikilisiya za ta kwaikwaya a hotunan waya, alhali shi da bakinsa ya ce ga abin koyi. A Markus sura 10 ma, da 'ya'yan Zabadi suka nemi kujerun dama da hagu, ya ce sarakunan al'ummai su ne suke nuna wa mutanensu iko, amma a tsakaninku ba haka zai zama ba. Yakubu sura 2 kuwa kamar yana tsaye a bakin ƙofarmu ranar gidauniya ya rubuta ta: mai zoben zinariya a ce masa zauna nan wuri mai kyau, matalauci a ce masa tsaya can.

Ba wai ikilisiyar farko mala'iku ba ne. A cikinta Hananiya da Safiratu suka yi ƙaryar kuɗin gona, a Korinti kuma masu hali sukan riga cin jibin Ubangiji, abincin tunawa da mutuwar Yesu, su bar matalauta da yunwa, har Bulus ya tsawata musu. Su ma sukan kauce kamar mu. Abin da suka fi mu shi ne sun san fuskar da za su waiwaya su duba in sun kauce. Kuma sun yi fiye da shekara ɗari biyu yawancinsu a gidajen mutane suke taruwa, gidan Maryamu uwar Yohanna Markus, gidan Lidiya, gidan Akila da matarsa. Baba ne ya gaya mini, daga baya na tabbatar da kaina, cewa wajen shekara ta 251, ana tsakiyar tsananta musu, ikilisiyar Roma tana ɗauke da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Mu namu ba su kai hamsin ba muka ce su jira a gama rufi.

A taron dattawa na gaba na miƙe na faɗi duk abin da ya faru, na ce ni na kawo shawarar, ina neman gafarar Allah da ta ikilisiya. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya buɗe Haggai sura 1 ya ce ai Allah da kansa ya yi fushi da mutanen da suke zaune a gidaje masu kyau alhali Haikalinsa kango ne. Ya kawo Sulemanu da itacen al'ul na Lebanon. Ya ce a garin da aka ƙona mana majami'u, gini mai kyau shaida ce cewa muna nan ba mu gudu ba. Maganarsa tana da nauyi, ni ma na ga toka a inda majami'u suke a da. Na ce masa, "Baba, ban ce a rushe ba, ban ce gini zunubi ne ba. Majami'ar ƙasa ta Wusasa da iyayenmu suka gina da hannu tana nan tsaye, duk wanda ya gan ta sai ya gode wa Allah. Amma Bulus ya ce mu ne haikalin. Mun ɗebi abincin haikali mai rai mun saya wa na siminti hula." Aka yi ta kai da kawo har dare. Fastonmu ya daɗe da kansa a sunkuye, daga baya ya ce shi ne makiyayi, tunkiya ta ɓata wata biyar bai ƙirga ba, laifin ya fi yawa a wuyansa. Na ga hawaye a idonsa. Wannan ne ya sauke zafin taron.

Ba a canza komai dare ɗaya ba, wasu iyalai ma sun bar mu sun koma inda ginin ya fi kyau. Amma an tsai da aikin bene da tayil. An cire sunaye daga allo, an daina karanta masu bashi. Asusun gwauraye aka raba shi da ma'aji gaba ɗaya, aka damƙa wa mutum bakwai, biyar daga sujadar Hausa, huɗu cikinsu 'yan Zumuntar Mata, biyu ma gwauraye ne. Aka yanke cewa duk baikon gini da ya shigo sai an fara cire kashin biyan aron. Bencin gaba aka bar wa tsofaffi da masu nauyin kunne, ko wane ne ya zo baƙunci. An raba unguwanni tsakanin dattawa, kowa da gidajen da zai taka a wata, kuma an hana tafiya da katin alkawari. Zumunta a ƙafa take, mun san karin maganar tun muna yara, sai da muka ji kunya muka tuna.

Mama mun kai ta asibiti, amma gyambon ya riga ya ci ƙashi. Ta yi wata bakwai bayan haka kafin ta rasu. Abin da ta roƙa shi ne a kawo mata jibin Ubangiji, ta ce rabonta da shi tun kafin gidauniya. Muka je da fasto da Baba da mata huɗu, muka zauna a tabarma. Kafin a fara na durƙusa na ce, "Mama, ni na sa aka tashe ku daga wurinku ranar nan. Ni na sa aka tsai da rabo. Ku gafarce ni." Ta juyo da kunnenta mai ji ta ce in maimaita. Na maimaita da ƙarfi, kowa na ji. Ta ɗora hannu a kaina ta ce, "Tashi, ɗana. Ina 'yar nan tawa ta bariki? Ta yi aure?" Na ce tana makaranta. Ta ce, "Ka kawo mini ita." Na kai ta, kuma ita ce ta riƙa kwana da Mama a makonninta na ƙarshe.

Na sauka daga ma'aji a 2016. Shekarun da suka biyo baya kowa ya san abin da suka zo da shi, garkuwa da mutane a hanyar Abuja, hare-hare a ƙauyukan Kajuru da Chikun, har aka kwashe ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar Bethel Baptist ranar 5 ga Yuli 2021. Da mutanen ƙauye suka fara shigowa gari da tabarmi da yara a goye, benen nan da ba mu ƙarasa ba, mai bulo tsirara ba filasta, a nan iyali goma sha biyu suka kwana wata huɗu. Mata suka fito da kaskon Mama, domin ta bar wa Zumuntar Mata shi, suka kafa murhu a bayan majami'a. Dattijon nan da ya buɗe mana Haggai shi ya kawo buhun wake na farko a bayan motarsa.

Baba ya rasu bara waccan. Robar da yake wanke gyambo da ita tana wurina, kuma gidaje tara ne a kasona, ranar Asabar nake zagayawa. Akwai wani tsoho a Unguwar Boro, tsohon ma'aikacin masaƙa ne da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ni nake yi masa aski da yankan farce. Aron kuwa an gama biya shekara uku da suka wuce. Ma'ajin yanzu ya kawo mini littafin ya ce in soke kalmar da hannuna tunda ni na rubuta. Na rubuta ranar da aka gama biya a ƙarƙashinta, na roƙe shi ya bar kalmar yadda take don wanda zai karɓa bayansa ya gani. Sunan Mama ma yana nan a littafin alkawari, da saura dubu uku a gabansa. Sau biyu na ciro kuɗi zan cika mata, sau biyu ina mayarwa aljihu.